Rubutun da ke Jikin Jirgin Bappa

Da jirgin ƙasa ya sauke ni a wannan ɗan gari na ƙasar Cek, wanda har yau harshena ya kasa juya sunansa, shadda ce a jikina da wata 'yar suwaita da matata Dija ta sayo mini a gwanjon kasuwar Jimeta. Ni da na tashi a Yola, inda zafi ke korar mutum daga ɗakinsa, na ɗauka duk abin da ake faɗa kan sanyin Turai zuzutawa ce irin ta matafiya. Kafin in fita daga tashar na daina jin kunnuwana. Na ce wa kaina, "Buba, ka ga ta kanka. Me ya kawo mai bugun mota nan?"

Jirage uku ne suka kawo ni. Bappa Hamidu, ƙanin mahaifina, tsohon sojan sama ne. Shi ya ja ni aikin, na yi shekaruna ina gyaran jikin jirgi har na fita da igiya uku ta saje, na buɗe gareji a Jambutu. Da aka yi gwanjon tsofaffin jiragen da suka daina tashi, 'yan gwangwan sun zo har da injin yanka, sai Bappa ya riga su. Ya sayi ƙanana biyu na koyon yaƙi, ƙirar Cek, da wani babba mai farfela da ke ɗaukar sojoji. Muka kwance fukafukai muka ɗora a tirela, muka kai gonarsa a Damare muka haɗa. Mutane suka ce tsohon ya zare.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka kwararo daga arewacin jiha, Bappa ya buɗe musu gonar. Iyalai suka rataya zannuwa a ƙarƙashin fukafukan babban, suka zauna watanni. Ba su da allo, ba su da waya, sai suka riƙa ɗaukar ƙusa suna karce sunayen waɗanda suke nema a jikin jirgin, don wanda ya zo daga baya ya gani. Da suka watse rubutun ya zauna. Ni dai gaskiya a idona ɓarna ce, duk lokacin da na gani sai raina ya ɓaci.

Yanzu Bappa ƙafa ta ƙi, jiki ya yi nauyi. 'Ya'yansa ba mugaye ba ne, amma sun faɗa a fili: ranar da ya kwanta dama za su kira 'yan gwangwan, gona suke so. Shi kuwa burinsa ya miƙa wa gwamnatin jiha, jiragen su zama na jama'a, yara su zo su gani. Mutanen ofis suka ce za su karɓa in akwai wanda ke da takardar shaida daga wurin da aka san aikin, cewa ya iya kula da tsohon jirgi. Wani gidan ajiye tsofaffin jirage a Cek ya yarda in je in yi wata uku. Ko in dawo da takardar nan, ko injin yanka ya shiga Damare. Kafin in taso kuma na bar wa abokina Iliya, mai fentin da muke aiki tare, umarni ɗaya: ya bi ukun nan da samfefa, ya shafa sabon fenti, in dawo in tarar suna ƙyalli.

Cuta ta farko daga gida na taho da ita. Mutumin da ya yi mini takardun tafiya ya rantse ya kama mini ɗaki, har ya rubuta adireshi. Na bi titin ina jan akwati, na isa, sai ga shagon tayoyi a rufe, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Na kira lambarsa, shiru. Na zauna a wurin jiran bas, la'asar ta yi, hannu ya ƙage, na shiga tsine wa mutumin nan da Fulatanci da ƙarfi, don na tabbata ba mai ji.

Wata motar burodi ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Baƙin mutum ya leƙo ya ce, "Jam na, Hamma? Wa kake wa wannan addu'a haka?"

Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Usumanu ke nan, mutumin Garwa, shekararsa goma yana raba burodi a garin. Bai tambaye ni komai ba, ya jefa akwatina cikin burodi, ya kai ni ɗakinsa a saman gidan gashin burodin, ya ba ni wata riga mai nauyin ɗan akuya. Ya tuƙa tuwo da busasshiyar kuɓewa da yake ta tattali. A ɗakin nan na yi wata ukun, kullum ina warin yis.

Gidan jiragen yana bayan gari, wata doguwar rumfa a tsohon filin sojoji. Ashe ciwonmu ɗaya da su. Tsofaffin makanikai da matuƙa ne suka tara jiragen da ƙarfinsu tun suna da ƙarfi, yanzu suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai suka yanke su miƙa wa gwamnatin lardinsu. Ana jiran masu dubawa su zo. Shugabar wurin wata mata ce, Madam Yitka, ta ba sittin baya, gajeren gashi, dariya sai an roƙa. Turancinta na ɗingishi, nawa ma haka, muka riƙa lallaɓawa. Ita ce za ta sa hannu a takardata.

Ranar farko ta miƙo mini buroshi mai laushi da tsumma. Na ɗauka gwaji ne na yini ɗaya. Mako biyu ina share ƙura! Ni, mai igiya uku, wanda motar da ta yi adungure ke shiga garejinsa ta fita kamar ba a taɓa ba. Ga jiragen nasu duk sun koɗe, fenti na ɓarewa, faci a fili. A raina na ce ashe Turawa ma ƙazamai ne. Mu a bariki in babba zai zo, duwatsun bakin hanya ma sai mun shafa musu farin fenti, bishiya mu yi mata har ƙugu. Haka aka koya mana girmama baƙo, haka aka koya mana girmama kaya.

Kewa kuwa ta ci ni. Garin shiru, ko akuya ba ta kuka. Na gaida wani maƙwabci yadda ya kamata, na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi gajiya, sai mutumin ya shiga laluben aljihu, ya zaci bara nake. Na yi kewar ƙarar guduma a Jambutu, da kunun gyaɗar Dija, da kifin Binuwai. Har zafin Yola da nake zagi na yi kewarsa.

A mako na uku, ranar Juma'a, Madam Yitka ta nuna mini wani ƙaramin jirgi irin namu sak. Ta ce da shi masu dubawa za su fara. Ta taɓa murfin da ke gefen hancinsa ta ce in shirya shi. Na ce alhamdulillahi, yau za a san wane ne Buba. Ranar Asabar da hantsi, ba kowa, na kwance murfin. Duk ya lotse, ga huji uku, cikinsa kuma cike da zane-zanen fensir. Na fara ɗaukarsa hoto ciki da waje, don haka muke yi a Jambutu, kada gobe mai mota ya ce ba haka ya kawo ta ba. Sannan na buga, na cike, na goge, na shafa. Ya fito fes, kana ganin fuskarka.

Ranar Litinin na tsaya kusa da shi, hannu a baya, kamar ranar fareti. Ta zo ta duba. Ta buɗe murfin, ta shafa cikinsa da tafin hannu, ta sake shafawa. Na ga fuskarta ta canza.

Ta ce, "Ina rubutun?"

Na ce, "Na tsabtace, Madam."

Wani tsoho ne ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Al'adarsu ce, duk makanikin da ya yi wa jirgi hidima, ranar da zai bar aiki sai ya rubuta sunansa a cikin murfin nan. Mahaifinta na cikinsu. Ya daɗe da rasuwa, nan take kawo jikokinta su ga hannunsa. Abin da take nufi da in shirya shi, in share ƙura ne da buroshi. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Cewa kawai ta yi, "Je ka gida yau." Na san takarda ta tafi, kuma ni na kore ta da hannuna.

Na fita na zauna a kan wata tsohuwar taya, kunya kamar in nutse. Ina cewa a raina, sunan mutum goma sha wani abu na goge, dubi yadda matar nan ta koma. Sai na tuna. Innalillahi! Damare! Sunayen da ba su ƙirguwa, kuma ni na ce a bi su da samfefa.

Na kira Iliya, ba ta shiga, gonar ba ta da sabis sai an hau tudu. Na kira Dija.

"Dija, bar abin da kike yi, ki tari keke ki tafi Damare."

"Ikon Allah. Ba sallama ba komai? Tuwo nake tuƙawa."

"Ko ya ƙone! Ki ce wa Iliya kada ya taɓa babban jirgi. In ya ƙi, ki tsaya a gabansa."

Awa biyun nan ban san yadda na yi su ba. Da wayar ta yi ƙara muryar Iliya ce, yana haki don ya hau tudu. Ya ce, "Oga, Madam ɗinka ya zo ya kama mini hannu, me ya faru? Ƙanana biyu na gama. Babban yau na fara, wajen ƙofa, na goge kamar faɗin darduma. Gaskiya hannuna bai so ba, amma kai ka ce."

Na ce, "Ni na ce, kuma ni ne wawa. Ajiye samfefar nan."

Da yamma Bappa ya sa aka kira ni, ransa a ɓace. Ya ce, "Buba, sanyi ne ya taɓa maka kai? Ni zan miƙa wa gwamnati kyauta da datti a jiki? Ina kunya? A ce gidanmu ne aka yi haka?"

Ban taɓa yi wa Bappa musu ba tunda aka haife ni. Na ce, "Bappa, don girman Allah ka ba ni har in dawo. In na dawo ka ce a shafa, da hannuna zan shafa." Ya yi tsaki ya miƙa wa Dija waya. A wurin Bappa wannan amincewa ce.

Washegari ba wanda ya kira ni, amma na koma rumfar. Na tarar da Madam Yitka a teburinta, na ajiye mata wayata. Hoton murfin ne kafin in taɓa shi. Ta buɗa shi da yatsu biyu, ta bi layi-layi, ta tsaya, ta karanta sunan mahaifinta a fili. Nan ta yi kukan da ba ta yi jiya ba. Da ta natsu na nuna mata hotunan da Dija ta turo na jikin jirgin Bappa, na yi mata bayani da guntun Turancina. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Mutum nawa ne?"

Na ce ban taɓa ƙirgawa ba.

"Kuma wannan za ka shafe?"

Na ce, "Har jiya da safe, eh."

Ta girgiza kai. Na nemi ta bar ni in kankare fentin da na shafa, ta ce a'a, abin da ya faru ya faru, shi ma ya shiga tarihin jirgin. Za su wanke hoton su rataya a gefe, su rubuta wanda ya yi aikin. To ga shi nan, duk mai zuwa Cek ya je ya gani: sunan Buba na Jambutu yana rataye a gidan tarihi a Turai, a matsayin wanda ya yi ɓarna. Usumanu ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Daga ranar ta fara koya mini aikin na gaske: yadda ake tsayar da tsatsa ba tare da an kashe fenti ba, yadda ake rufe rubutu da wani kaki mai haske, yadda ake rubuta duk abin da hannu ya taɓa a littafi, da ranar, da wanda ya yi. Ta lura ba na cin abincinsu don tsoron alade, sai ta fara zuwa da miyar wake a ɗan kwano, ta ajiye a gefena ta wuce, ba ta ko kallona.

Rana tawa ma ta zo. Akwai wani tsohon jirgi da wani yanki na hancinsa ya ruɓe ya faɗi. Masana'antar ta daɗe da daina yinsa, wanda ya iya bugawa da hannu a cikinsu ya rasu, kuma masu dubawa sun ce ba za su karɓi jirgi da rami ba. Na ce a samo mini kututturen itace da buhun yashi da gudumar katako. Suka kalli juna. Kwana huɗu ina bugun alminiyon nan, ina juyawa, ina saurarensa, tsofaffin suka jawo kujeru suka kewaye ni. Da na ɗora shi ya zauna daram, ko takarda ba ta shiga tsakani. Wani tsoho ya kama hannuna yana juyawa yana kallo. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na ce musu a Jambutu irina sun fi ashirin, a ƙarƙashin bishiya muke wannan. Amma sai da na buga alama a cikinsa cewa sabo ne, don kada wani ya zo bayanmu a ruɗe shi.

Gwamnatin lardinsu ta karɓi jiragen ina nan. Ranar da zan taho Madam Yitka ta ba ni takardar da sa hannunta, ta haɗa mini da buroshin nan mai laushi. Ta ce, "Gudumarka ba ta da na biyu. Wannan ne zai ba ka wuya."

Kwana biyu da dawowata na sa aka ɗauko Bappa a kujera, aka ajiye shi a ƙarƙashin fiffiken babban jirgi. Gwangwanayen fenti na jere a gefe, Iliya na tsaye. Ban yi wa'azi ba. Na ce, "Bappa, bari in karanta maka kafin a shafa." Wasu da boko, wasu da ajami, wasu hannun yara. Na karanta na wani malami daga Madagali da ke sanar da ɗalibansa yana raye. Na karanta na wata Saratu daga Michika mai neman 'ya'yanta biyu. A ƙarƙashinsa wani hannu daban ya karce: suna Luggere gidan Modibbo, lafiya ƙalau.

Bappa ya ce, "Sake karanta wannan."

Na sake. Can ya ce, "Shekara nawa ina zagaya jirgin nan, ban taɓa sunkuyawa na karanta ba. Iliya, kwashe fentinka. Buba, a sa a takardar miƙawa, duk wanda ya shafe wannan ban yafe ba."

Mutanen ofis sun so su yi gardama, wai manya za su zo, ba zai yi kyau a hoto ba. Na zaro takardata daga Cek na ajiye a tebur, na ce su suka aike ni neman ilimi, ga shi na kawo. Aka bar shi. Wurin da Iliya ya goge ma na bar shi fari yadda yake, na rataya kati a gefe na rubuta cewa ni Buba na ba da umarnin, bisa kuskure.

Ranar miƙawa gonar ta cika. 'Yan makaranta sun yi layi wajen ƙananan biyu masu ƙyalli, amma manya duk babban suka nufa, suna sunkuye suna bin rubutu da yatsa. Na ga limamai, na ga matan zumuntar coci da ankonsu, wata na kiran wata ta zo ta ga sunan garinsu. 'Ya'yan Bappa da kansu ke nuna wa baƙi hanya. Bappa ya sa hannu, aka yi tafi, 'yan gwangwan kuma sai dai su nemi wani wuri.

Bayan manya sun tafi na lura da wani dattijo mai sanda tsaye a gaban farin wurin nan, bai motsa ba. Na matsa na gaishe shi. Ya ce tela ne, a unguwar Luggere, nan Yola, yake zaune tun gudun hijirar, bai koma ba.

Ya ɗora yatsa a tsakiyar wurin ya ce, "Nan na rubuta sunan matata. Har yau ba a gan ta ba."

Na ce, "Baba, ni na sa aka goge. Ga shi a kati. Ka yafe mini."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗaga kai ya kalli jirgin tun daga hanci har wutsiya, ya ce, "Na ji ana ta jawabi, ban gane ba. Yanzu jirgin nan na wane ne?"

Na ce, "Na jama'a ne, Baba. Naka ne."

Ya ce, "To ba ni ƙusa."

Buroshin Madam Yitka na aljihuna, kuma na san abin da doka ta ce kan taɓa kayan tarihi, ni aka tura na koyo. Na waiwaya wajen Bappa, ya kau da kai kamar bai ji ba. Na je akwatin kayan aikina na zaɓo ƙusa mai kaifi, na riƙe wa dattijon sandarsa. Ya rubuta a hankali, harafi-harafi: Talatu.

Da ya gama na ɗauki hoto, na buɗe littafin da muke rubuta aikin jiragen kamar yadda aka koya mini. Na rubuta ranar, na rubuta abin da aka yi. A gurbin wanda ya yi aikin na rubuta: mai jirgin.